Sufacaja ko tagwayen turbo a kan 350Z? A ba ni shawara kafin in yi aika-aika

MaiZ33: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya kai ni bango. Ina da Nissan 350Z ƙirar 2004, mai giya shida ta hannu, injin VQ35DE, ta ci kilomita dubu 140 da 'yan kai. Ba a taɓa buɗe injin ba. Doki 287 ɗin da ta zo da shi ya fara yi mini kaɗan, ina son in kai ta wajen doki 400 a taya, wato ƙarfin da ke isa taya. Wata uku ke nan ina kai gwauro ina kai mari tsakanin sufacaja da tagwayen turbo. In na kwana da wannan sai in tashi da wancan. Motar ita nake hawa kusan kullum, sai jefi-jefi in shiga filin tsere. Masana a taimaka.

Turbo_Kawai: Wa alaikumus salam. Tambayar ma ta amsa kanta. Tagwayen turbo, a rufe zancen. Sufacaja ai ɓarawon gida ne, kafin ya ba ka doki goma ya riga ya sace uku daga injin.

Hajiya V8: Ka ji shi ko. Tun ba a shimfiɗa tabarma ba ya yanke hukunci.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai, tambaya uku. Fetur ɗin da kake sha oktan nawa ne, kuma kullum kana samun irinsa? Za ka buɗe injin ka canza fistan da kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, ko a haka kake son ɗora masa? Sannan wa zai yi maka saitin ƙwaƙwalwar motar, kuma yana da daino, na'urar auna ƙarfin mota, ko da kunne yake yi?

MaiZ33: Baba ranka ya daɗe. Fetur mai oktan 95 nake samu galibi, 98 wani lokaci. Injin ba na son buɗe shi yanzu, gaskiya aljihu ba zai ɗauki duka a lokaci guda ba. Mai saiti akwai, yana da daino.

Baba Makanike: To madalla. Amsarka ta biyu ita ce jigon maganar, zan dawo kanta in na wanke hannu.

Ɗan Auta: Yayyena ku yi haƙuri da ni, sabon shiga ne. Ni a tunanina tagwayen turbo ai ƙarfi ninki biyu ke nan? Kuma mene ne ma bambancin da sufacajan, tunda duka iska suke turawa?

Injiniya: Babu laifi ƙanena, tambayar a kan hanya take. Inji ba abin da yake yi illa ƙona fetur da iska. Fetur ba wuya a ƙara shi, iskar ce matsala, domin injin da babu komai a kansa iyakar abin da zai shaƙa shi ne abin da nauyin sararin sama ya tura masa, wato psi 14.7 (psi awon matsi ne) a daidai gaɓar teku. In ka ƙara masa matsin psi 7, ka kai 21.7, kusan ninki ɗaya da rabi na iskar da yake samu a da. A takarda doki 287 zai haura 420. A zahiri ba ya kaiwa, domin iska in aka matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri.

Duk na'urorin biyu zugazugi ne, irin na maƙera, bambancin wanda ke zuga su ne. Sufacaja bel ne ke juya shi daga kiranshaf, saboda haka injin ne da kansa ke biyan kuɗin aikin. Turbo kuma hayaƙin da ke fita ne ke kaɗa wata farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke tura iska, suna kan sanda ɗaya, suna juyi sama da dubu 150 a minti.

Maganar zugazugi ma ba misali ba ne kawai. 'Yan uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, da suka yi rajistar famfon iskarsu a 1860, ba mota suka yi wa ba, tanderun narka ƙarfe aka riƙa hura wa da shi. Turbo kuma Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ne ya yi rajistarsa a 1905.

Batun ninki biyu kuwa, a'a. Kayan da ake sayarwa na V6 irin na MaiZ33 ƙananan turbo biyu ne, kowane na cin hayaƙin silinda uku. Aikin babba guda ɗaya suke rabawa. Ribar ita ce ƙaramar farfela ta fi saurin tashi.

Ɗan Auta: Allah ya ƙara basira Yaya. Amma na ji ana cewa a Supra ɗaya ke fara aiki sannan ɗayan ya shigo?

Injiniya: Haka ne, wancan tsarin bi-da-bi ne. Porsche 959 ta zo da shi a 1986, sai Mazda RX-7 ta ƙarni na uku, sai Supra mai 2JZ-GTE a 1993, inda na biyun ke shigowa wajen juyin inji 4,000 a minti. Yana da tarin bawul da tiyo-tiyo, shi ya sa da yawan masu Supra ke cire shi su sa babba guda. Skyline GT-R da 300ZX kuwa a tare suke aiki, irin wanda ake magana a nan.

Turbo_Kawai: To kun dai ji da bakin Injiniya. Turbo daga shara yake samo ƙarfinsa, hayaƙin da dā ma zubar da shi za a yi. Shi kuwa sufacaja, ku duba Dodge Hellcat: doki 707 a 2015, amma na'urar da ke kansa kaɗai tana cin doki kusan 80 kafin ta juya. Tamanin! Ƙarfin wata ƙaramar mota ke nan sukutum. Sannan ku dubi inda kamfanonin suka dosa. Ford GT ta 2005 sufacaja ce, doki 550. Da aka dawo da ita a 2017 me aka sa? V6 mai tagwayen turbo, 647. Corvette ZR1 ta 2009 da ta 2019 duka sufacaja, 638 da 755. Ta yanzu fa? Tagwayen turbo, doki 1,064. Su da ke da injiniyoyi dubbai sun bar bel, mu ne za mu koma masa?

Injiniya: Gyara kaɗan Malam. Turbo ba kyauta ba ne ɗungurungum. Farfelar tana tare hanyar hayaƙi, fistan sai ya ƙara yunƙuri kafin ya tura shi waje. Asarar ba ta kai ta bel ba, wannan na yarda, amma akwai ta.

Hajiya V8: Kuma kamfanonin da kake ta lissafowa ba don daɗin tuƙi kawai suka koma turbo ba, dokokin hayaƙi da na shan mai ne suka matsa musu. Ƙaramin inji mai turbo in ana tafiya a hankali ya fi cin jarrabawar gwamnati. Wannan ba ita ce damuwar MaiZ33 ba.

Ni Mustang 5.0 gare ni, da sufacaja irin mai dunƙule biyu zaune a saman injin, shekara huɗu ke nan. Abin da ba a gani a takardar daino shi ne yadda motar ke amsa ƙafa. In na taɓa totur kaɗan, kaɗan take ba ni. In na danna rabi, rabi. Kamar an ɗauke injin an sa wanda ya fi shi girma, shi ke nan. Na tuƙa mota mai turbo a fili, a tsakiyar kwana ka danna, ta yi shiru kamar tana shawara, sai kuma ta kawo maka duka a lokaci guda bayan ta wulla. 350Z gajera ce, baya take ja. Ƙanena ka yi tunanin wannan da damina.

Turbo_Kawai: Hajiya wannan labarin Porsche 911 Turbo ta 1975 kike bayarwa. Turbo na yanzu masu boris sun wuce nan. Ƙananan tagwaye a kan lita 3.5 kafin juyi 3,500 sun cika.

Hajiya V8: Juyin da suke cika daban, jinkirin amsa ƙafa daban. Ko kana kan 4,500, in ka ɗaga ƙafa ka sake dannawa sai ka jira farfela ta farfaɗo. Ya ragu sosai, ban musa ba. Bai mutu ba.

Baba Makanike: Na dawo. Ku duka kuna da gaskiya a inda kuka tsaya, amma kuna ta gardama a kan na'ura, ba wanda ya leƙa cikin injin da za a ɗora wa.

Ɗana, injinka an ƙera shi ne ya shaƙi iska da kansa. Matsin silindarsa 10.3 ne, wato fistan na matse iska ninki 10.3. Duba waɗanda kamfani ya yi niyyar sa wa turbo tun daga farko: RB26 na Skyline 8.5, 2JZ-GTE na Supra 8.5, na GT-R R35 kuma 9.0. Hellcat ɗin da ake ta ambato 9.5. Ba don wasa suka rage ba. Kuma kwanrod ɗin VQ35DE siriri ne, an yi shi don ya yi sauƙin juyi. Duk wanda ya daɗe a harkar wannan injin zai gaya maka wajen doki 400 a taya nan ne bakin rami. Kai kuma daidai bakin ramin ka ce kana son ka kafa rumfa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Kwanrod bai san doki ba. Abin da ya sani shi ne nauyin da ke sauka a kan fistan a kowace fashewa, wato ƙarfin murɗawa. Injiniya zai fi ni iya lissafin.

Injiniya: Ga shi Baba. Doki shi ne murɗi sau juyi, a raba da 7,121 in da Nm ake auna murɗin. Injin da ya ba da doki 400 a juyi 6,500 yana murɗin Nm 438. Wanda ya ba da doki 400 ɗin nan dai a juyi 5,000 yana murɗin Nm 570. Lamba ɗaya a bakin mai mota, amma na biyun ya ɗora wa kwanrod ƙarin kashi 30 cikin ɗari. Motar daga kamfani Nm 371 take yi.

Baba Makanike: Yauwa. To ƙananan tagwayen turbo halinsu ke nan, su cika da wuri su zuba murɗi a tsakiya, daidai inda injin ya fi saurin yin ƙarar fistan. Abin da ke sa su daɗi shi ne abin da ke lanƙwasa ƙarfe. Sufacaja mai farfela kuwa, irin na Vortech ko ProCharger, matsinsa bin juyi yake. A ƙasa kusan babu, sai can sama yake cika, a lokacin da injin ya fi iya ɗauka. Shi ya sa a injin da ba a buɗe ba nake fin natsuwa da shi.

MaiZ33: Baba tsaya, ka rikita ni. Hajiya ta ce sufacaja tun daga ƙasa yake bayarwa, kai kuma ka ce a ƙasa babu komai.

Hajiya V8: Ba iri ɗaya muke nufi ba. Sufacaja kala uku ne. Akwai Roots, irin na Eaton. Akwai mai dunƙule biyu, irin na Whipple, wanda asalinsa aikin Alf Lysholm ne na Suwidin. Waɗannan biyun kowane juyi awo ɗaya na iska suke ɗiba, saboda haka matsi na nan tun daga ƙasa. Nawa ke nan. Na ukun shi ne wanda Baba ke faɗa, rabin turbo ne aka ɗaura wa bel.

Injiniya: Kuma matsin na ukun yana tafiya ne kusan da juyi sau juyi. In an saita shi ya ba da psi 8 a 6,600, to a 3,300 abin da za ka gani bai wuce 2 ba. A cikin gari za ka ji kamar ba ka sa komai ba, sai ƙarar kurum.

Turbo_Kawai: Hhhh to ka ji. Ka zuba kuɗi, ka jira wata guda, ka fito titi wata mai dizal ta bar ka a danja. Sai ka kai allura jan layi kafin ka ga abin da ka saya. Wa ke tuƙi a 6,000 kullum?

MaiZ33: Wallahi wannan shi ne abin da ke hana ni barci. Na hau ta wani abokina mai tagwaye, a giya ta uku ya danna, sai da wuyana ya amsa. Tun ranar zuciyata take can.

Tsohon Direba: Ƙanena bari in ba ka labarina, ka ɗauki abin da za ka ɗauka. Na sa wa tawa tagwaye, V6 ce ita ma, injin ban taɓa shi ba. Mai saiti ya tsayar da ni a psi 6, ya ce kada in wuce. Wata biyar lafiya lau. Matsalar ita ce turbo ƙara masa matsi ba ya buƙatar sifana, ɗan maɓalli ne a kusa da sitiyari. Ranar nan na ce bari in ɗanɗana 7. Daɗi. Bayan sati biyu 8. Ranar da abin ya faru ina kan 9 da rabi, da rana tsaka, giya ta biyar, na danna daga ƙasan juyi don in wuce wata babbar mota. Ƙara ɗaya na ji, kamar an jefa guduma a cikin tukunya. Da muka duba, kwanrod ya huda bulok ya leƙo waje, ana hango kiranshaf ta ramin.

Ban ɗora wa kowa laifi ba, ni na yi da hannuna. Amma da a ce sai na sayi sabon fuli, na kwance bel, na koma wurin mai saiti kafin in ƙara, da wataƙila na yi tunani sau biyu.

Ɗan Auta: Innalillahi. Yaya yanzu ina motar?

Tsohon Direba: Tana nan. Shekara ɗaya da wata biyu ta yi a rufe kafin na haɗa wani injin da fistan da kwanrod na ƙirar maƙera. Yanzu tana kan psi 14 ba ta ko tari. Turbo ɗin dai su ne na da.

Turbo_Kawai: To ai ka gama magana Yaya! Turbo ɗin su ne na da. Ka gina inji, ka murɗa maɓalli, ka samu abin da kake so. Mai sufacaja in ya ƙoshi da 400 yana son 550 sai ya sauke komai ya sake sabon lale. Kuma kowa a gidan nan ya san babu wanda ke tsayawa a lambar da ya fara faɗa. Laifin kwaɗayinka ne, ba na turbo ba.

Tsohon Direba: Na yarda kwaɗayina ne. Kai ka tabbata MaiZ33 ba shi da irinsa? Mutumin da ya ce wuyansa ya amsa kuma tun ranar bai yi barci ba?

MaiZ33: Kai Yaya, ka tona ni a bainar jama'a.

Baba Makanike: Akwai kuma abin da masu talla ba sa nunawa, wato ranar ɗaurawa da abin da ke biyo baya. Ƙarƙashin bonet ɗin 350Z a cike yake. Tagwaye a can ƙasa suke zama, gefen injin, dab da sandar sitiyari da sitata. Manifol biyu za a canza, a ja layin baƙin mai zuwa kowane turbo, a huda kaskon mai don ya dawo, wasu har da layin ruwa. Da yawa mun fi son mu sauke injin gaba ɗaya don a yi aikin da kyau. Hayaƙin da ke ratsa wurin yana kai digiri 900, duk wata waya ko tiyo da ke kusa in ba a naɗe ta ba za ta gasu a hankali. In wani gasket ya fara huci bayan shekara, hannu ba ya shiga, sai an sake kwance rabin mota.

Sufacaja mai farfela a gaba yake zama, kana buɗe bonet kana ganinsa. Salansa ba ruwanka da ita. Ciwonsa bel ne: in ya saki sai ya riƙa zamewa a sama, ka ga matsi ya faɗi, ka ga baƙar ƙura a kan fuli. Aikin minti ashirin.

Hajiya V8: Don adalci in faɗi aibin nawa ma. Irin wanda ke zaune a saman inji zafi yake tarawa. Zagaye huɗu ko biyar a fili da rana, ruwan intakula, na'urar da ke sanyaya iskar da aka matse, ya ɗumama, sai ƙwaƙwalwa ta fara janye wuta, motar ta yi sanyin jiki. Sai da na ƙara girman lagireton intakula da tankin ruwansa kafin ta daidaita. Mai farfela da intakula a gaban mota bai cika wannan ba.

Injiniya: Wani abu da ba a taɓo ba, in inda kake zaune tudu ne sosai. Iska na raguwa da hawa, sufacaja kuma juyinsa a ɗaure yake da na inji, ba zai iya ramawa ba. Turbo zai ƙara gudu har ya cike gurbin. A nan turbo ya yi gaba babu gardama.

MaiZ33: Ba tudu nake ba. Amma Baba, tsakani da Allah, in aka tsaya a psi 5 ko 6 da tagwaye, aka yi saiti mai kyau, ba za ta rayu ba?

Baba Makanike: Za ta iya. Na ga waɗanda suka yi shekaru a haka. Mai saiti na ƙwarai zai iya danne murɗin tsakiya, ya janye wuta a wurin, ya sa matsin ya hau a hankali. Amma ka lura da abin da ka yi ke nan: ka sayi turbo da tsada, ka sha wahalar ɗaurawa, sannan ka biya wani ya hora shi ya riƙa hali irin na sufacaja. In niyyarka nan da shekara ɗaya ka gina injin, to wannan hanya ce mai ma'ana, ka sa tagwayen ka yi haƙuri da ƙaramin matsi. In kuwa gina injin magana ce ta "wata rana", kada ka yaudari kanka.

Kuma 400 ɗin nan ka sauke ta. Motarka yanzu a taya ba ta fi 240 ba, 287 ɗin a inji ne. In ta koma 350 ka ƙara kusan rabi. Ba ka san yadda hakan yake ba sai ka hau.

Turbo_Kawai: Baba ni fa ban ƙi maganarka ba, girmanka ne. Amma a rubuta a ajiye: in ya sa sufacaja, kafin shekara biyu zai dawo nan yana tambayar yadda ake sayar da shi.

Hajiya V8: In ya dawo da motar da ke tafiya da ƙafarta ai da sauƙi. Wani a kan janwe yake dawowa.

Tsohon Direba: Hajiya a bar tone-tone, ciwon bai gama warkewa ba.

Ɗan Auta: To me zai hana a haɗa duka biyun? Sufacaja a ƙasa, turbo a sama?

Injiniya: An yi. Lancia Delta S4 ta tseren daji a 1985, sai Volkswagen da injin 1.4 TSI, sai Volvo da lita 2 ɗinsu. Yana aiki, amma Volkswagen da kansu daga baya sun koma turbo kaɗai. Ka haɗa zafin wannan da bel ɗin wancan, ga saiti mai wuyar sha'ani. Ba aikin gareji ba ne.

Admin: Tunatarwa ga mai tambaya da duk mai irin niyyar: a duba dokar ƙasar da ake zaune kafin a sayi kaya. Wasu wuraren, kamar Kalifoniya, in kayan ba su da lambar amincewar hukumar kula da iska motar ba za ta ci gwajin hayaƙi ba. A kuma sanar da kamfanin inshora. A ci gaba, muhawarar na da kyau, a dai rage zolaya.

Baba Makanike: Ko wanne ka zaɓa, ga abin da ba a tsallakewa. Nozul manya da famfon mai da zai iya ciyar da su. Fulogi masu sanyi da mataki ɗaya. Kulocin kamfani ba zai daɗe ba, ka sa shi a lissafi tun yanzu. Na'urar sanyaya baƙin mai, tunda kana shiga fili. Agogon da ke nuna haɗin iska da fetur a gabanka: a tafiyar yau da kullum awo 14.7 na iska ne ga awo ɗaya na fetur, amma in matsi ya shigo ana son ya sauko wajen 11.5, in ka ga 13 ƙafarka na ƙasa, ɗaga ta nan take. Kuma a yi saitin da fetur mafi rauni da kake sha, wato 95, ba 98 da kake samu sa'i-sa'i ba. Taya da birki kuwa ban ma san me ya sa ake barin su ƙarshe ba.

Kafin duk wannan, je ka a auna matsin kowace silinda, a yi gwajin yoyo. Injin da ya ci dubu 140 sai an tambaye shi ko yana so.

MaiZ33: Na gode ƙwarai Baba, na gode kowa. Gobe da safe zan kai ta.

MaiZ33: Na dawo da sakamako. Silinda biyar suna tsakanin psi 178 da 185. Ta shida 152. Da aka ɗiga mata baƙin mai ta ramin fulogi aka sake aunawa sai ta hau 176.

Injiniya: In mai ya ɗaga lambar, zoben fistan ne ke yoyo, ba bawul ba.

Baba Makanike: Haka ne. Tazarar ta wuce kashi 15 cikin ɗari, ni ko 10 ba na so a injin da za a matsa wa. Ɗana, a haka ba sufacaja ba turbo. Matsin zai bi ta gefen zoben ya cika kaskon mai, ya turo mai ta kowace kafa, kuma silindar nan ce za ta fara tafiya.

Turbo_Kawai: To ai shi ke nan, Allah ya kawo mu. Tunda dole a buɗe injin, a sa fistan mai matsi 8.5 ko 9 da kwanrod masu kauri, hujjar Baba ta faɗi da kanta. Tagwaye!

Baba Makanike: A wannan karon ban musa maka ba. In za a gina, tagwaye sun fi dacewa da abin da zuciyarsa ke so.

Hajiya V8: Ni har yanzu ina nan a kan bakana game da amsa ƙafa. Amma ba ni zan tuƙa ba.

MaiZ33: Kuɗin da na tara na na'ura yanzu inji zai cinye, turbo sai baɗi in Allah ya kai mu. Baba, tambaya ta gaba: in na sa fistan mai 8.5 yanzu, na yi shekara ina yawo babu turbo, yaya motar za ta kasance?

Baba Makanike: Raguwa za ta zama, har ka ji haushin kanka, kuma za ta ƙara shan mai. Ɗauki 9.0, a yi mata saiti na wucin gadi. Buɗe sabon zare a kan ginin injin, ka turo hoton bangon silinda ta shida in an cire kai, in ga ko za a yi boro, wato a faɗaɗa silindar, ko gogewa kawai ta isa.